Kafin Ka Sauke Wata Manhaja: Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Aikin Da Za Su Taimaki Kundin Kwastomominka



Yawancin tambayoyin da masu shirin fara kiwon kaji ko kifi ke yi min ba sa wuce uku: wane abinci ne ya fi kyau, wane rigakafi ake yi a wane sati, kuma a ina ake samun 'yan tsaki ko 'ya'yan kifi masu inganci. Duk tambayoyi ne masu kyau. Amma da wuya ka ji wanda ya ce, "Idan kajin sun girma wa zan sayar wa, kuma yaya zan yi ya sake dawowa?" Alhali a nan ne kuɗi ke shigowa, a nan ne kuma suke zurarewa.

Mu ɗan yi lissafi. Kazar nama da ta kai sati bakwai tana cin wajen giram 150 zuwa 180 na abinci a rana. Idan kana da guda 500, abin da suke ci a kwana ɗaya ya kai kilo 75 ko fiye, wato buhu uku mai kilo 25. Idan sun isa sayarwa ka tsaya neman mai saye har kwana goma, buhu talatin ke nan ka ƙara a kan jarinka. Kuma a kasuwanninmu yawanci da ido ake cinikin kaza, ba da sikeli ba, don haka ɗan nauyin da suka ƙara ba lallai ya dawo maka da kuɗin abincin ba.

Mai kajin ƙwai ma haka. Kaji 200 da 80 cikin 100 ke yin ƙwai za su ba ka 160 a rana, kiret biyar da ƙwai goma. A sati ɗaya ka tara kiret 37 da ɗoriya. Su kajin ba ruwansu da ko ka samu mai saye, gobe ma za su yi. Ga shi ƙwai ba ya son zafin Maris da Afrilu. Mai tarwada kuwa, duk ranar da kifin ya ƙara a ruwa bayan ya isa kamawa, abinci ne da canjin ruwa da man janareto.

To maganin wannan shi ne ka san masu sayenka tun kafin kaya su isa kasuwa.

MENE NE KUNDIN KWASTOMA?

Lokacin da muke karatun kasuwancin noma akwai abin da aka koya mana mai suna CRM, wato tsarin kula da hulɗa da kwastoma. Sunan ne kawai mai nauyi. A taƙaice, wuri ɗaya ne da kake ajiye bayanin duk wanda ke saye a hannunka: sunansa, lambarsa, unguwarsu, sana'arsa, abin da yake saye, nawa yake ɗauka, bayan kwana nawa yake dawowa, farashin da ka ba shi na ƙarshe, da kuma ko mai biya nan take ne ko mai karɓar bashi.

Wannan kundi zai iya zama littafi mai bango mai ƙarfi, zai iya zama jadawali a waya, zai iya zama babbar manhaja irin ta kamfanoni. Ko wanne ne, shi ne uwar ɗaki. Sai dai shi kaɗai ba ya tura saƙo, ba ya karɓar kuɗi, ba ya tuna maka cewa yau ce ranar kai wa mai shayi ƙwai, ba kuma ya ƙirga kajin da suka rage a keji. Shi ya sa yake buƙatar 'yan rakiya. Matsalar ita ce manhajoji sun yi yawa, kowa na tallan tasa, sai ka ga mutum ya cika waya da guda goma, ba wadda yake buɗewa bayan sati biyu.

TAMBAYOYI SHIDA KAFIN KA SAUKE KOMAI

1. Wace matsala ce za ta warware min? Faɗe ta da baki a jimla ɗaya. "Ina manta masu bashi." "Ina karɓar odar da ta fi ƙwan da nake da shi." Idan ba za ka iya faɗa ba, ba ka buƙatar ta tukuna.

2. Za ta yi aiki a wayata da kuma gonata? Gonaki da yawa a bayan gari suke, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet mai ƙarfi za ta bar ka a rana. Gwada ta a bakin keji, kada ka gwada ta a falo.

3. Zan iya fitar da bayanaina? Duba ko tana ba da damar sauke komai a fayil ɗin Excel. Kamfanonin manhaja suna rufewa, suna canza farashi, suna cire tsarin kyauta. Idan ba ƙofar fita, sunayen kwastomominka sun zama nasu ke nan.

4. Nawa ce, kuma da wane kuɗi ake biya? Wasu da dala ake biya, duk wata, kuma kan kowane mutum da ke amfani da ita. Tun daga 2023 da darajar naira ta faɗi sosai, irin wannan kuɗin ya ninka wa mutane ba tare da kamfanin ya ƙara ko sisi ba. Ni yadda nake aunawa shi ne, kiret nawa na ƙwai ko kilo nawa na kifi zan sayar duk wata don in biya ta? Idan ba ta kawo cinikin da ya fi haka, a bar ta.

5. Yaron gona ko maiɗakina za su iya amfani da ita? Ranar da ka yi tafiya ko ka kwanta rashin lafiya ciniki ba zai tsaya ba. Abin da kai kaɗai ka iya, rabin kayan aiki ne.

6. Za ta sa in rubuta abu ɗaya sau biyu? Wannan ce ke kashe yawancin tsare-tsare. Idan kowane ciniki sai ka shigar da shi wuri uku, wallahi ba za ka kai wata guda ba za ka gaji.

Yanzu ga ayyukan da kundin ke buƙatar taimako a kansu, da abin da ya dace da kowanne.

NA ƊAYA: MAGANA DA KWASTOMA

A nan WhatsApp Business ce kan gaba. Ta fito tun 2018, kyauta ce, kuma ta bambanta da WhatsApp ɗin da muka saba. Ka ware mata layi na gona kawai. Abubuwan da za su amfane ka a ciki:

Akwai wurin jera kaya da hoto da farashi: kiret ɗin ƙwai manya da matsakaita, kaza mai rai, kaza gyararriya, ɗanyen kifi, kifi banda, har da takin kaji.

Akwai alamomi masu launi da za ka maƙala wa kowace hira. Ka raba mutanenka: masu shayi, masu tsire da gashi, gidajen abinci, masu kek, dillalai, magidanta. Sai ka ƙara "ya yi oda", "an kai", "bai biya ba".

Akwai amsoshin da za ka rubuta sau ɗaya ka ajiye, kamar lambar asusu da kwatancen gona, duk wanda ya tambaya ka danna kawai.

Akwai tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa, har 256 a jeri guda. Amma a kula, wanda ya ajiye lambarka a wayarsa ne kawai zai samu. Saboda haka duk sabon kwastoma ka ce masa, "Alhaji, don Allah ajiye lambar nan, ta nan nake sanar da farashi."

Abu biyu da za a kiyaye. Na farko, WhatsApp wurin hira ce, ba littafin lissafi ba. Odar da aka yi cikin saƙon murya tana nutsewa cikin hirarraki, don haka da an gama magana a shigar da ita kundi. Na biyu, ba kowane kwastoma ke da babbar waya ba. Mai shayin da ke ɗaukar kiret biyar duk bayan kwana biyu wataƙila ƙaramar waya ce a hannunsa, kuma ya fi masu tambayar farashi a intanet amfani gare ka. Ka rubuta a kundi ta wace hanya kowa ya fi son a neme shi: kira, saƙon tes ko WhatsApp.

NA BIYU: CINIKI DA BASHI

Google Sheets ko Excel sun isa ga ƙaramar gona. Google Sheets kyauta ce, kuma za ka iya saita fayil ya buɗu ko ba intanet, idan sabis ya dawo sai ya ajiye canjin da ka yi. Shafi uku kake buƙata: na kwastomomi, na cinikin kullum, da na bashi.

Ga wata dabara da ke hana rikici: lambar waya ita ce shaidar kowane kwastoma, ba suna ba. Musa uku za ka iya samu, Maman Abba huɗu. Amma lamba ɗaya ce ga mutum ɗaya. Ka riƙa rubuta ta salo guda a ko'ina, a WhatsApp, a jadawali, a rasit. Ita ce igiyar da ke ɗaure duk manhajojinka wuri ɗaya, kuma ranar da za ka koma babbar manhaja, da ita za a gane kowa.

A shafin bashi ka sa ranar da aka karɓa, ranar da aka yi alkawari, abin da aka biya da abin da ya rage. Ka kuma yanke wa kowa iyaka. Mai ɗaukar kiret biyar kada bashinsa ya wuce na ɗauka biyu. Abincin kaji da kuɗi hannu ake sayen sa, kuma shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin kiwo. Idan jarinka ya maƙale a hannun mutane, kajinka ne za su kwana da yunwa, kuma kazar ƙwai da ta yi kwana biyu ba ta ƙoshi ba sai ka gani a yawan ƙwan da za ka kwasa.

NA UKU: KARƁAR KUƊI

Duk wanda ke harkar ƙwai a farkon 2023 ya tuna lokacin ƙarancin takardun naira, yadda ƙwai ya taru a gonaki saboda masu saye ba su da kuɗi a hannu. Tun daga nan taransifa ta zama dole. Ko asusun banki ne, ko Moniepoint, OPay ko PalmPay, ƙa'idar ɗaya ce: asusun gona daban, na cefane daban. Wajen zaɓa ka duba ko za ka iya sauke bayanin shige da ficen kuɗi na wata guda, nawa suke cira a kan kowane ciniki, kuma idan kuɗi ya maƙale akwai wanda za ka samu ido da ido a garinku.

Kada ka saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat. Ana ƙirƙirar na bogi. Buɗe manhajar da kanka ka ga kuɗin sun zauna. Wannan doka ka koya wa duk wanda ke tsaron gona.

Wani abu kuma: kwastomomi da yawa ta wurin mai POS suke turo kuɗi, sai sunan mai POS ɗin ya fito maimakon nasu. Ka roƙe su a riƙa rubuta sunansu a wurin bayani, ko su kira ka da zarar sun tura. Sannan ka ware rana ɗaya a sati ka zauna ka gwama abin da ya shigo asusu da abin da ke shafin ciniki. Minti talatin ne, amma a nan ake kama ɓarakar da ke cinye riba.

NA HUƊU: TUNATARWA

Google Calendar ko kalandar da ke cikin wayarka ta isa. Amfaninta a kiwo shi ne lissafi daga baya zuwa gaba. Kajin nama suna isa sayarwa a sati shida zuwa takwas. Idan kasuwar Sallah ko Kirsimeti kake hari, ka ƙirgo sati bakwai zuwa takwas baya, ranar zuba 'yan tsaki ke nan. Sai ka sa tunatarwa a sati na huɗu: fara sanar da kwastomomi. A sati na biyar: karɓi oda da kafin alƙalami. Kafin sati na shida ka riga ka san kaji nawa ke da mai su, nawa za ka kai kasuwa.

Tarwada takan ɗauki wata huɗu zuwa shida kafin ta kai girman da masu gashi da masu farfesu ke so. Masu banda kuwa sun fi son matsakaita, don haka su za ka fara nema. Wata guda kafin kamu ka fara kiran mutanenka, don kada ranar da ka zubar da ruwa ka tsinci kanka da dillali ɗaya tilo, shi ke yanka farashi kai kana kallo.

Masu sayen ƙwai a kai a kai, ka sa musu tunatarwa mai maimaita kanta. Wanda kuma ya saba zuwa duk sati ka ga ya yi sati uku shiru, kira shi ku gaisa. Sau da yawa ƙaramin abu ne, ko an ba shi fasassun ƙwai, ko wani ya rage masa farashi. Jadawalin rigakafin da likitan dabbobi ya ba ka, irin su Gumboro da Lasota, shi ma ka zuba shi a kalandar.

NA BIYAR: LISSAFIN CIKIN GONA

Kundin kwastoma yana gaya maka abin da ake nema. Lissafin gona yana gaya maka abin da kake da shi. Idan biyun ba su haɗu ba za ka yi alkawarin kiret 50 alhali 37 gare ka, kuma mai kek da ka saɓa wa ranar biki ba za ta sake kiran ka ba.

Kullum a rubuta ƙwai nawa aka kwasa, nawa suka fashe, kaji nawa suka mutu, buhu nawa aka buɗe. A kifi a rubuta abincin da aka zuba, waɗanda suka mutu, da nauyin samfurin da ake aunawa lokaci zuwa lokaci. Idan akwai sabis a gonar, Google Forms na da sauƙi: yaro ya cike, amsar ta faɗa cikin jadawalinka kai tsaye. Idan babu sabis, KoboCollect tana karɓar bayani ba intanet, ta tura daga baya. Idan duk wannan ya yi nauyi, littafi da biro, a ɗauki hoton shafin kowace yamma a turo maka. Ba abin kunya ba ne.

Babbar ribar wannan lissafi ita ce za ka san nawa kowace kaza ko kowane kilo na kifi ya tsaya maka. Wanda ya san wannan adadi, dillali ba ya juya shi.

NA SHIDA: RASIT DA TAKARDAR NEMAN BIYA

Wannan sai ka fara hulɗa da otal, makarantar kwana, ko babban kanti. Su ba sa biya sai da takarda. Zoho Invoice na fitar da irin wannan takarda kyauta. Akwai kuma Bumpa, manhajar 'yan Najeriya da ke haɗa lissafin kaya, ciniki da rasit wuri guda. Idan kwastomominka masu shayi da magidanta ne, ɗan littafin rasit mai kwafi ya wadatar.

TSARE ABIN DA KA TARA

Sunaye da lambobin nan dukiya ce, sai ka kiyaye su kamar yadda kake kulle sito.

Ajiye lambobi a asusun Google, kada ka bar su a kan layi ko cikin waya kawai. Google na ba da wurin ajiya na gigabait 15 kyauta, ya ishi hirarrakin WhatsApp da jadawalinka. Waya na faɗawa cikin tafkin kifi, ana kuma sace ta a kasuwa.

Kunna matakin tsaro na biyu a WhatsApp, wato lambar sirri mai alƙaluma shida da kai ka zaɓa. Duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka ta tes, ɓarawo ne. Idan ya ƙwace layin, kwastomominka zai bi yana karɓar kuɗin oda da sunanka.

Layin gona ya kasance da sunanka aka yi masa rajista, ba da sunan yaron gona ba. Idan kana so ya riƙa amsa saƙo, WhatsApp na ba da damar haɗa wasu na'urori har huɗu a kan layi ɗaya, kuma ranar da ya bar aiki sai ka cire tasa. In ba haka ba, zai tafi da kwastomominka a aljihu.

Kada ka sa manhajojin ba da rance na kan waya a wayar kasuwanci. Da yawansu suna neman izinin shiga lambobin da ke wayarka, kuma an sha ganin yadda suke tura wa mutane saƙon cin mutunci idan an yi jinkirin biya. Haka nan kada ka sayar ko ka raba lambobin mutane, kada kuma ka jefa su cikin guruf ba da izininsu ba. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma ko ba doka, amana ce.

YAUSHE ZA KA KOMA BABBAR MANHAJA?

HubSpot da Zoho duk suna da tsarin kula da kwastoma na kyauta mai iyaka. Amma an gina su ne bisa kasuwancin da ke tafiya da imel da kwamfuta, mu kuwa namu kira ne da WhatsApp. Ni dai shawarata, kada ka yi gaggawa. Alamun lokaci ya yi su ne: mutum fiye da biyu ke karɓar oda suna cin karo da juna, kwastomomi sun yi yawan da jadawali ya fara rikicewa, ko kana da manyan masu saye da ke biya bayan wata kana bin su da takardu. Idan ka riƙe jadawalinka da tsabta tun farko, ɗora shi a kan babbar manhaja aikin yini ɗaya ne.

YADDA ZA KA FARA A WATA GUDA

Sati na farko: buɗe layin gona da WhatsApp Business, kunna tsaro, mayar da lambobi asusun Google.

Sati na biyu: rubuta mutum 20 da suke saye ko za su iya saye a kusa da kai. Taka da ƙafa ka je wurin masu shayi, masu gashi da gidajen abinci, ka tambaye su nawa suke ɗauka, a wace rana, kuma wane girma suke so.

Sati na uku: buɗe asusun gona daban, fara shafin ciniki da na bashi.

Sati na huɗu: zuba ranakun rigakafi, sanarwa da sayarwa a kalanda.

Wanda bai zuba kaji ko kifi ba tukuna, shi ya fi kowa dacewa da wannan aiki. Abin da mutum 20 ɗin nan suka gaya maka shi zai nuna maka ko 100 za ka fara da su ko 500, ko ƙwai unguwarku ta fi buƙata ko nama. Kada ka ƙara wata manhaja sai wadda kake da ita ta zame maka jiki, ka yi wata guda kana buɗe ta kullum ba tare da an tuna maka ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mana abin da muke kiwo.